Baƙo Da Iyaka: Gardamar Da Ta Raba Kan Masu Ibada Daga Ƙasar Jega Har Amurka

Garin Dangamaji da ke cikin Ƙaramar Hukumar Jega ba ya cikin garuruwan da akan lissafa idan ana zancen iyakar ƙasa. Wanda ya tashi daga can yana nufin Kamba ko Dole Kaina, sai ya yi tafiya mai nisa kafin ya ga tutar Jumhuriyar Nijar ko ta Binin. Amma duk ranar da Gwamnatin Tarayya ta ba da umurnin a rufe iyaka, ba a yin mako guda sai labarin ya bayyana a cikin kwanon awo na kasuwar Jega, da buhun albasar Aliero, da kuɗin mota a tashar Maiyama. Saboda haka ne maganar iyaka da baƙi ta zama abin gardama a zaurukan malamai da rumfunan kasuwa na wannan yanki, kuma abin mamaki shi ne masu gardamar duka alƙiblarsu ɗaya, sahunsu ɗaya, kowane ɓangare kuwa da hujjarsa ta addini a hannu.

Kafin a shiga gardamar, ya kamata mai karatu ya tuna cewa ƙasar Jega kanta 'yan gudun hijira ne suka raya ta. Malam Abdussalami, wanda asalinsa Ba'are ne, ya bar ƙasar Gobir da jama'arsa saboda tsanani, ya zauna a Gimbana. Harin da rundunar Gobir ta kai wa Gimbana a ƙarshen 1803 yana cikin abubuwan da suka jawo hijirar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ɗan Abdussalami, wato Buhari, shi ne ya kafa Jega daga baya a ƙarƙashin Gwandu, kuma ba a daɗe ba ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, inda ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ke yada zango. Shi kansa Shehu an haife shi ne a Maratta a 1754, wurin da yau yake cikin ƙasar Nijar.

Ita iyakar da ake ta magana a kanta, wadda tsawonta tsakanin Nijeriya da Nijar ya kai kimanin kilomita 1,500, Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata ta a takarda cikin yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan aka bi daji ana kafa alamu. A yarjejeniyar farko ma da'ira aka zana mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato, ba tare da an tambayi ko mutum ɗaya daga masu ƙasar ba. Sakamakon haka Arawa suka rabu tsakanin Kangiwa da Dogon Dutsi, Dandawa suka rabu gida uku, Zabarmawa da Fulani kuma haka. Har yau akwai gidajen da uwa take wannan gefe, 'yarta tana aure a wancan.

A kan wannan tarihi ne ɓangare na farko ya kafa hujjarsa. Suna cewa Musulmi ɗan'uwan Musulmi ne, haƙƙin maƙwabci kuwa bai san tutar ƙasa ba; cewa mutanen Madina sun karɓi Muhajirai sun raba dukiya da su, kuma Sarkin Habasha, wanda Kirista ne, ya ƙi miƙa Sahabban da suka fake a wurinsa. Hausawa ma da kansu sun ce baƙonka Annabinka. Masu wannan ra'ayi sukan nuna 'yan cin rani da ke gangarowa daga arewa bayan kaka, suna yankan shinkafa a fadama, suna ɗebe albasa, suna ga-ruwa, su koma gida da faɗuwar damina, su tambaya: wane laifi waɗannan suka yi wa ƙasa, in ban da arhar ƙwadago?

Ɓangare na biyu ba ya musun ko ɗaya daga cikin waɗannan. Abin da suke cewa shi ne biyayya ga shugaba a cikin abin da ba saɓo ba wajibi ce, tsare rai da dukiya kuma yana cikin manyan manufofin Shari'a, kuma ko garuruwan jihadi ganuwa gare su da ƙofofi, ana rufe su da almuru. Baƙon da ya shigo gari a da, sai an kai shi wurin mai unguwa, an san fatomansa, an san abin da ya kawo shi. A ganinsu, abin da ake kira zumunci a yau sakaci ne kawai da aka yi wa rawani.

Gwamnatocin Nijeriya sun sha gwada ra'ayin nan na biyu, kuma yana da kyau a duba abin da ya biyo baya. Bayan tarzomar Maitatsine a Kano cikin watan Disamba, 1980, wadda lissafin hukuma ya nuna ta ci rayuka 4,177, sai hankali ya koma kan baƙi, domin shi Muhammadu Marwa ɗan asalin Kamaru ne, ko da yake mafi yawan mabiyansa da aka kama 'yan ƙasa ne. Ran 17 ga watan Janairu, 1983, Ministan Al'amuran Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fita, alhali kuwa ƙungiyar ECOWAS ta riga ta amince tun 1979 cewa ɗan kowace ƙasa a cikinta yana iya shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Mutum wajen miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu 'yan Gana. Tsofaffin fataken goro ba su yi mamaki ba, gama sun tuna yadda gwamnatin Busia ta koro 'yan Nijeriya daga Gana a 1969, wasu da tabarma kaɗai a ka. A watan Afrilu, 1984, Gwamnatin Mulkin Soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakoki saboda canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta zo daidai da fari mai tsanani, har mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar wannan shekara suna El-Buhari, sunan da bai ɓace a bakin tsofaffi ba.

Rufewar watan Agusta, 2019, ita ce ta fi raba kan mutanen Kabi, domin a wannan karon gardamar ta shiga har cikin rumbu. Tun ran 17 ga watan Nuwamba, 2015, aka ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba manoman shinkafa rance a Birnin Kabi, manyan injinan casa suka tashi a Argungu da Birnin Kabi, kuma babban abokin gabar wannan shinkafa shi ne 'yar waje da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, a shigo da ita ta ɓarauniyar hanya. Da aka rufe iyaka shinkafa ta yi daraja, manomin fadama ya ga kuɗin da bai saba gani ba, ya yi wa gwamnati addu'a. Maƙwabcinsa mai albasa, wanda kasuwarsa ta miƙa har Binin da Gana, ya ga kayansa suna ruɓewa a rumfa, ita kuwa albasa ba ta san haƙuri ba. A watan Nuwamba na shekarar aka hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, talakawan Dandi da Bagudo suka koma sayen mai a kwalba. Da aka buɗe iyakoki huɗu ran 16 ga watan Disamba, 2020, Illela ta samu shiga, amma Kamba sai da ta jira har watan Afrilu, 2022. Wanda ya san hanyoyin nan ya san cewa a duk tsawon lokacin babban ɗan fasa-ƙwauri bai kwana da yunwa ba. Mai jaki da mai babur su ne suka ji a jikinsu.

Ba Musulmin Kabi kaɗai ne irin wannan gardama ta raba ba, kuma misalin da ya fi kama da nasu yana can yammacin Amurka, a tsakanin mabiya cocin nan da aka fi sani da 'yan Mormon, mai hedkwata a Jihar Yuta. Su ma tarihinsu na hijira ne. A 1838 Gwamnan Misuri ya ba da umurnin a kore su ko a hallaka su. A 1844 aka kashe wanda ya kafa cocin, Joseph Smith. A 1847 kuma Brigham Young ya isa da su kwarin tafkin gishiri, wanda a lokacin yana cikin ƙasar Meksiko. Wato kakanninsu sun tsallaka iyaka ba tare da izinin kowa ba. Amma kuma a cikin ƙa'idojin imaninsu goma sha uku, ta goma sha biyu ta wajabta musu biyayya ga mahukunta da bin doka.

Waɗannan abubuwa biyu suka yi karo a 2010. A watan Afrilu na shekarar, wani ɗan majalisar Jihar Arizona mai suna Russell Pearce, ɗan cocin, ya jagoranci kafa doka mai tsanani da ta ba 'yan sanda ikon binciken takardun wanda suka tsare idan suna zaton baƙon haure ne, hujjarsa kuwa ita ce doka doka ce. A watan Nuwamba, shugabannin 'yan kasuwa da na addini da na tsaro a Yuta suka sa hannu a kan wata takarda da aka kira Yarjejeniyar Yuta, wadda ta ce sha'anin shige da fice aikin Gwamnatin Tarayya ne, kuma kada a raba iyali ba gaira ba dalili. Cocin bai sa hannu ba, amma ya fito fili ya goyi bayanta, yana mai kafa hujja da abu uku: son maƙwabci, kiyaye iyali, da haƙƙin kowace ƙasa na tsare iyakarta. Wasu mabiya suka fusata, suka ce shugabanni sun yi sassauci ne saboda cocin yana da mabiya fiye da miliyan ɗaya a Meksiko. A watan Nuwamba, 2011, masu zaɓe suka yi wa Pearce kiranye, wanda ya kayar da shi kuwa, Jerry Lewis, shi ma ɗan cocin ne. Abin lura a nan shi ne shugabannin nasu ba su ce a buɗe iyaka ba, ba su kuma ce a kwashe kowa ba; sun raba tsakanin mai laifi da mai neman abinci, suka bar mabiya suna ta jayayya a kan inda layin zai bi.

Malaman Arewa sun yi irin wannan tsayuwa a 2023, kuma a kan abin da ya fi haka hatsari. Bayan da Janar Abdurrahman Tchiani ya hamɓarar da Shugaba Muhammad Bazoum ran 26 ga watan Yuli, ECOWAS ta ba da wa'adin kwana bakwai tare da barazanar yaƙi, Nijeriya ta rufe iyaka, ta kuma yanke wutar lantarkin da ke bi ta Birnin Kabi zuwa Yamai. A wannan karon masallatan Juma'a kusan bakinsu ya zo ɗaya. Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya tafi Yamai tare da Janar Abdussalami Abubakar, Malam Muhammadu Sanusi na Biyu ya gana da Tchiani, sa'an nan ayarin malamai a ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau suka zauna da shi ran 12 ga watan Agusta. Ba a yi yaƙin ba. An janye takunkumi a watan Fabrairu, 2024, aka buɗe iyaka a watan Maris.

Masu ra'ayin zumunci ba su daɗe suna murna ba. A watan Nuwamba, 2024, 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka auka wa garin Mera a Ƙaramar Hukumar Augie, suka kashe mutum aƙalla 15 waɗanda suka bi sawun shanunsu da aka kora. Waɗannan mutane ta iyakar Nijar suka shigo, suna wa'azi, suna karɓar abin da suke kira zakka da bakin bindiga, kuma a watan Janairu, 2025, kotu ta ayyana su a matsayin 'yan ta'adda. Ɓangare na biyu ya ce ga abin da ake gudu. Hujjar tana da nauyi, ba kuma daidai ba ne a yi mata riƙon sakainar kashi. Sai dai akwai wani gefe na labarin da ba a cika son faɗa ba: tun wajen 2017 da 2018 wasu al'ummomin Tangaza da Gudu a Jihar Sakkwato ne suka nemi taimakon waɗannan mutane domin su kare su daga ɓarayin daji, a lokacin da hukuma ta yi musu nisa. Ƙofar da suka shigo ta, rashin tsaro ne ya buɗe ta daga ciki, kuma da wuya rufe shingen Kamba ya tare mai bindigar da bai taɓa bi ta shinge ba.

Yanzu al'amarin ya ƙara sarƙewa, domin tun ran 29 ga watan Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS, wato yarjejeniyar 1979 da ta ba ɗan cin rani damar shigowa ba ta ɗaure Nijar kamar da ba. A ranar fitar tasu ƙungiyar ta sanar cewa za a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanen ƙasashen uku har sai an sake shawara. Amma mafi yawan masu zuwa yankan shinkafa a fadamun Jega ba fasfo gare su ba, ba kati. Abin da suke riƙe da shi shi ne sunan mai gonar da suka yi wa aiki bara, da sunan mai unguwar da ya san ubansu. Ma'aikacin shige da fice da aka turo daga nesa ba shi da hanyar rarrabe Ba'aren Kangiwa da na Dogon Dutsi, alhali kuwa dagaci da limamin gari sun san kowa da asalinsa, kuma su ne na farko da ke jin labari idan baƙin fuska sun sauka a bayan gari da babura.