Burkutun Duvu: Giyar Da Ba Ta Jiran Gobe

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan da ke gindin duwatsun Mandara, kudu da garin Mubi, ba zai rasa jin wani tsami-tsami na tashi daga bayan wasu gidaje ba. Burkutu ke nan, giyar dawa wadda Gude da Fali suka gada kaka da kakanni. A Duvu, cikin Ƙaramar Hukumar Mubi ta Kudu, sana'a ce ta mata. A ƙetaren iyaka kuwa, cikin Kamaru, bilbil ake ce mata.

Aikinta na da wuya. Za a jiƙa jar dawa, a rufe ta har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dama, a tafasa. Daga nan sai a bar ruwan ya kwana. A wannan kwanan ne wasu ƙwayoyin halitta, dangin masu mai da madara nono, suke sa shi tsami. Sai a sake dafawa, ya huce, a zuba ragowar tsohuwar giya don ta tayar da sabuwa. Mashayanta sun ce tsami ne ke fara dukan harshe, sannan ɗan zaƙin tsiro, daga ƙarshe ƙamshin hayaƙin murhu. Launinta ja ne mai duhu, ga kauri, a ƙoƙo ake sha.

Turawa ma suna da irinta. A garin Roeselare na ƙasar Beljiyam, kamfanin Rodenbach, wanda aka kafa a 1821, yana ajiye jar giya mai tsami cikin manyan gangunan katako har shekara biyu. Bambancin shi ne, tasu tana daɗa daraja da daɗewa, burkutu kuwa ba ta daina tashi, cikin 'yan kwanaki ta lalace. Saboda haka tilas mai dafawa ta sayar da wuri, in ba haka ba uwa da riba su tafi tare.

A tsaunukan nan burkutu ta wuce abin maye kawai. Da ita ake sallamar 'yan gayya, ana kuma fito da ita wajen aure da makoki a gidajen masu bin al'ada. Musulunci ya haramta ta, coci-coci da dama ma suna hana mabiyansu. Amma Adamawa ba ta cikin jihohi 12 da suka ƙaddamar da shari'a tun daga 1999, don haka kasuwarta na ci.

To, inda gizo ke saƙar shi ne lafiya da rumbu. Tukunyar ƙasa tana ba duro wuri, duron ƙarfe kuwa in ya yi tsatsa cikin ruwa mai tsami, mai sha ne ke kwashewa. Dawar da ta yi fumfuna tana ɗauke da dafi mai lalata hanta, tafasa ba ta kashe shi. Kuma kowane mudu da ya shiga tukunyar giya, ya fita ke nan daga tukunyar tuwo.

Ya kamata ma'aikatan lafiya da masu unguwanni su zauna da matan nan. Mai neman su bar sana'ar, sai ya nuna musu wata da za ta biya kuɗin makarantar 'ya'yansu, domin hani ba tare da madadi ba, shuka ce a kan dutse.