Masaukin Baƙi a Bakin Teku

Gambiya ƙaramar ƙasa ce a Afirka ta Yamma, a bakin Tekun Atlantika. Tun shekarar 1965 Turawa masu yawon shaƙatawa suke zuwa can da hunturu, don gudun sanyin ƙasarsu.

A Kotu da Kololi akwai masaukai masu rahusa. A waɗansu, baƙo yakan biya kuɗi gaba ɗaya tun yana gida. Kuɗin nan ya ɗauke masa ɗaki da abinci da abin sha.

Amma tsarin yana da illa. Da yake baƙo ya ƙoshi a ciki, ba safai yake fita ba. Sai mai lemo da mai gasa kifi su wuni a bakin rairayi babu ciniki. Saboda haka baƙo mai tausayi yakan fita ya yi sayayya, kowa ya sami rabonsa.