Sabon Ɗan Kwantiragi da Tayin da Ya Zo Tsakiyar Aiki

Tun da ma'aikatar sadarwa ta tarayya ƙarƙashin Bosun Tijani ta ƙaddamar da shirin 3MTT a ƙarshen 2023, da burin koya wa 'yan Nijeriya miliyan uku sana'o'in fasahar zamani, matasan da ke iya rubuta manhaja ko kula da na'urorin kamfani sun ƙaru a Kano da Kaduna da Abuja. Da yawansu ba sa samun aikin dindindin mai fansho da hutun shekara, kwantiragi suke samu na wata uku ko wata shida, wani a ofis, wani daga ɗakinsa yana fama da data da janareto. A nan ne wata jarrabawa ke jiran sabon shiga. Ya yi wata biyu a kwantiraginsa na farko, ya fara gane kan aikin ke nan, sai ga saƙo a LinkedIn daga wani dillalin ma'aikata: akwai gurbi, kuɗin ya fi naka, amma ranar Litinin ake so ka fara. Ra'ayina shi ne, wanda bai taɓa kammala kwantiragi ko ɗaya ba bai kamata ya ajiye na farkonsa don ƙarin kuɗi kawai ba. Dalilin kuwa na lissafi ne tun kafin a zo ga maganar ɗa'a.

A ɗauki misali. Ana biyan matashi naira dubu 400 a wata, saura masa wata huɗu, aka yi masa tayin dubu 600. A ido, ribar tafiya dubu 800 ce. Amma kamfanoni da yawa sai ɗan kwantiragi ya tura takardar neman biya a ƙarshen wata sannan su ƙirga kwana talatin, wato yana iya yin wata biyu bai ga ko sisi daga sabon wuri ba, alhali kuɗin haya da na data ba sa jira. Sabon kwantiragin ma wataƙila na wata uku ne, da sharaɗin za a iya sallamarsa da notis na mako guda. A can kuma shi baƙo ne, idan kasafin aikin ya girgiza shi za a fara cirewa. Sannan ya yar da damar sabuntawa, wadda ita ce ainihin abincin ɗan kwantiragi, domin kamfanin da ya gamsu da mutum ya fi son ya ƙara masa wata shida da ya koma neman wani daga farko. Idan aka cire waɗannan, dubu 800 ɗin nan ta koma kaza a akurki, ga shi ya tofar da ƙwan da ke bakinsa.

Abin da ya fi kuɗin nauyi shi ne abin da sabon ɗan kwantiragi ke sayarwa. Iya aikinsa ba wanda zai tantance shi a hirar awa ɗaya, sai dai a tambayi wanda ya taɓa ba shi aiki. Tsohon hannu mai kwantiragi goma a bayansa, in ya bar ɗaya a tsakiya, yana da mutum tara da za su tsaya masa. Sabon shiga shaidarsa guda ce tak, kuma ita yake shirin ɓatawa. Mai duba takardar tarihin aikinsa zai ga "wata biyu" a gaban aikin farko, zai kuma tambayi dalili, amsar gaskiya ita ce an ba shi kuɗi ya tafi, wato dai yana gaya wa sabon mai ɗaukarsa abin da zai yi masa gobe. A dandali irin su Upwork ba a ma bukatar tambaya, domin kowane mai ba da aiki yana iya barin sharhi da taurari, dandalin kuma yana haɗa su ya fitar da makin nasarar aiki a fuskar shafin mutum. Wanda aikinsa biyu ne kacal, sharhi ɗaya mara daɗi ya isa ya ja makin ƙasa. A gida kuwa da'irar ƙarama ce ƙwarai. Masu ɗaukar 'yan fasaha a Kano ko Kaduna ba su da yawa, a taro ɗaya suke haɗuwa, a zauren WhatsApp ɗaya suke tambayar juna wa ya san wane.

Waɗanda ba sa cikin sana'ar sukan ɗauka barin aikin manhaja kamar barin gadi ne, wani ya zo ya karɓi sanda. Ba haka ba ne. Makonnin farko na sabon ma'aikaci asara ce ga mai aiki: ana buɗe masa asusu, ana ba shi lambobin sirri, wani babba yana barin nasa aikin yana nuna masa yadda aka ɗinka tsohuwar manhajar da inda take yoyo. Sai a wata na biyu ko na uku yake fara biyan wannan ɗawainiya. Idan ya tafi a lokacin, rabin abin da ya gina yana cikin kansa, ba a rubuce ba. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani gagarumin aikin manhaja a kamfanin IBM, ya nuna tun 1975 cewa ƙara sababbin mutane a aikin da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, saboda lokacin da koyar da su ke ci. Duk wanda tela ya taɓa mayar wa da yadi a yanke ana saura kwana uku sallah ya san irin wannan takaici, ya kuma san ba ya sake komawa shagon.

Akwai masu cewa kamfani ba ya jin kunyar kowa, don me ma'aikaci zai ji tasa? Suna da hujja. A watan Satumba na 2019 Andela ta sallami ƙananan masu rubuta manhaja kusan 400 a Nijeriya da Kenya da Yuganda, kuma a Nuwamban 2022 Twitter ta sallami kusan dukkan ma'aikatan ofishinta na Accra jim kaɗan bayan buɗe shi. Ba na kiran kowa ya yi wa kamfani biyayyar ɗa ga uba. Sai dai ɓarnar ba ɗaya ba ce a ɓangarorin biyu. Kamfanin da ya sallami mutane gobe zai sa talla ɗaruruwa su nema, shi kuwa matashin da ya gudu ba shi da wani suna na biyu da zai fito da shi kasuwa. Kammala aikin don kansa yake yi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta dala. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki naira a watan Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya sa hannu a kan naira sannan aka yi masa tayin dala, bambancin kan zama ninki uku ko huɗu, kuma ba adalci ba ne a ce wa mai ciyar da iyaye da ƙanne ya rufe ido. A nan na yarda akwai iyaka. Idan tayin zai sauya rayuwar gida, kuma a rubuce yake da sa hannu, ba alkawarin dillali a waya ba, tafiya na iya zama daidai. Haka ma idan mai aikin ne ya fara karya alkawari, ya riƙe kuɗin wata biyu, ko ya ɗauki mutum don rubuta manhaja ya mayar da shi mai gyaran firinta. Amma ƙarin kashi ashirin ko talatin cikin ɗari bai kai wannan matsayi ba, kuma galibin tayin da ke ruɗar sababbi a nan yake.

Ko a inda tafiya ta halatta, yadda aka tafi shi ne magana. Malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bambanta ijara, wadda ke ɗaure ɓangarorin biyu har wa'adi ya cika, da ji'ala, inda mai aiki ke iya janyewa amma ba shi da lada sai ya kammala. Sun kuma buɗe ƙofar iƙala, wato warware ciniki da yardar juna. Kwantiragin wata shida ya fi kama da ijara, don haka abu na farko shi ne a ɗauko takardar a karanta sakin layin notis. Idan ya ce wata guda, a ba da wata guda cif, a rubuta bayanin duk abin da aka gina, a mayar da kwamfuta da lambobin sirri, a zauna da magaji a nuna masa hanya. Kafin nan ma akwai tambayar da sababbi ke tsoron yi wa mai sabon tayin: za ku iya jirana in gama? Kamfanin kirki yakan jira makonni, har ma ya ƙara ganin girman mai tambayar. Wanda ya ce lallai sai ka yi watsi da mutanenka ka zo ranar Litinin ya nuna maka yadda yake ɗaukar yarjejeniya, kuma da kai zai ƙulla ta gaba.

Tayin da aka ƙi ma bai tafi a banza ba, domin ya gaya wa matashi farashinsa a kasuwa. Ya riƙe wannan adadi, ya gode wa dillalin, ya faɗa masa ranar da zai samu sarari. Idan saura wata guda kwantiragi ya ƙare, sai ya zauna da mai aikinsa ya ce ga abin da ake ba ni a waje, in za a sabunta sai a duba. A lokacin yana magana ne da aikin da ya gama a hannu.

Don haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa da ke kan kwantiragin farko, in dai ana biyan ku a kan lokaci kuma tayin bai ninka abin da kuke samu ba, ku ƙarasa watannin nan, ku karɓi takardar shaida daga mai aikin kafin ku miƙa kwamfutar.