TSABTAR MOTA A LOKACIN ƘARANCIN RUWA: BAYANI GA HAKIMAI DA MAGATAKARDA NA ƘASAR ZANGO

Ƙasar Zango tana gabas da birnin Daura, tana iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana kuwa ɗaya daga cikin Ƙananan Hukumomi biyar na Masarautar Daura, watau Daura, da Baure, da Mai'adua, da Sandamu, da ita Zango. Ƙasa ce mai jigawa, damina kuma ba ta cika wuce wata huɗu ba, daga Yuni zuwa Satumba. Sauran wata takwas mutane da dabbobi sun dogara ne ga rijiyoyi, da rijiyoyin burtsatse, da abin da 'yan ga-ruwa ke turowa a kura. Da bazara ta kama, watau daga Maris zuwa Mayu, ruwa kan ja baya cikin rijiyoyi, layi kan yi tsawo a bakin famfo, kuɗin jarka kuma ya hau.

A cikin waɗannan watanni ne kuma ƙura ta fi damun motoci. Sabo da haka aka shirya wannan bayani, domin Hakimai da Dagatai da Magatakarda su san hanyar da za a tsare mota da tsabta ba tare da an taɓa rabon ruwan jama'a ba, su kuma koya wa direbobinsu da masu motoci da babura na ƙasarsu.

TAƘAITA RUWA BA BAƘON ABU BA NE

Duk ɗan ƙasar Daura ya san labarin rijiyar Kusugu. Bisa ga tarihin da aka gada, macijin da ke cikinta ba ya barin mutane su ɗebi ruwa sai ran Juma'a, har zuwan Bayajida. Mutanen wancan zamani sun rayu ne da ruwan kwana ɗaya har kwana bakwai. Dattawa kuma suna tune da farin 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984, sa'ad da rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka mutu a ƙasar Hausa duka, Nijeriya da Nijar.

A wasu ƙasashe ma hukuma kan sa doka in ruwa ya yi ƙaranci. A Ingila an hana wanke mota da ban-ruwan lambu da tiyo a farin 1976, an kuma sake yin haka a wasu sassan ƙasar a 2022. A birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu, a 2018, an yanke wa kowane mutum lita 50 a yini, aka hana wanke mota da ruwan famfo ɗungum. Masu motoci na can ba su bar motocinsu cikin dauɗa ba, sai suka sāke dabara. Abin da ya yiwu a can zai yiwu a Zango da Yardaje da Rogogo.

LISSAFIN RUWAN DA WANKIN MOTA KE CI

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mafi ƙarancin abin da mutum ke bukata a yini, domin sha da girki da ɗan wanke jiki, shi ne lita 20. Tiyo kuwa, ko da ba mai ƙarfi ba ne, yakan zubar da kamar lita 10 a minti ɗaya. In yaro ya sake shi minti 15 yana wanke mota, an zubar da lita 150 ke nan, watau jarka shida masu cin lita 25, ruwan mutum bakwai na yini guda. Da bokiti biyu masu cin lita 10 ana iya gama wannan aiki sarai.

Magatakarda ya gwada lissafin da kansa. In a gari ɗaya akwai mota goma, ana wanke kowacce kullum da tiyo, a mako an kashe lita 10,500. In kuwa aka koma wanki sau ɗaya a mako da bokiti biyu, lita 200 kaɗai za a kashe. Ragowar ta isa ta shayar da unguwa.

HALIN ƘURAR HUNTURU

Kafin a san maganin abu sai an san halinsa. Hazon da ke rufe gari daga Nuwamba zuwa Maris iska ce ke ɗauko shi daga arewa maso gabas, mafi yawansa daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, inda dā can ruwan tafki ya kwanta ya ƙafe. Wannan ƙura tana da laushi a ido, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi masu kaifi. In ta kwanta bisa mota ba ta yi wa fenti kome. Ɓarna tana zuwa ne sa'ad da aka ɗauki busasshen tsumma aka dirje ta da ƙarfi, gama yashin nan yakan kankare fenti kamar yadda ake kankare ƙwarya. Sannu a hankali fenti ya dushe, ya tsattsage, da damina ta zo ruwa ya shiga, tsatsa ta kama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abin lura a nan shi ne, mota mai ƙura ba ta lalace ba. Wadda ake gogewa da garaje sau uku a yini ita ce ke saurin tsufa.

ABIN DA ZA A YI KULLUM

Akwai wurare huɗu da ba a yi musu jinkiri, domin rayukan mutane sun rataya a kansu: gilashin gaba da na baya, da madubai, da fitilu, da lambar mota. Gilashi mai ƙura yakan makantar da direba in rana ta yi ƙasa ko in fitilar wata mota ta haske shi da dare. Fitila mai ƙura kuma haskenta kan ragu, ga shi hanyoyin ƙauye cike da amalanke da dabbobi da yara. Waɗannan wurare huɗu buta ɗaya ta ishe su. A jiƙa tsumma mai laushi, a shafa a hankali, a bi da busasshe mai tsabta. Kada direba ya kunna magogin gilashi bisa busasshiyar ƙura, gama yakan zana gilashin, zanen kuwa ba ya fita.

Sauran jikin mota a kaɗe shi kawai da tsumma mai laushi ko abin kaɗe ƙura na gashi, daga sama zuwa ƙasa, ba tare da dannawa ba. Cikin mota ba ya bukatar ruwa ko kaɗan. A fitar da shimfiɗun ƙafa a kakkaɓe, a share kujeru da buroshi, a rufe gilasai in an ajiye ta.

Kashin tsuntsu da ɗanyen 'ya'yan itace su ne ba a bari su kwana, domin suna cin fenti, balle in rana ta gasa su. A ɗora musu jiƙaƙƙen tsumma na ɗan lokaci har su yi laushi, sa'an nan a ɗauke. Wanda ya saba ajiye mota a gindin darbejiya ya lura da wannan ƙwarai.

WANKIN MAKO DA BOKITI BIYU

Sau ɗaya a mako ya isa a lokacin rani. Ga yadda ake yi:

1. A yi wankin da sassafe ko da la'asar sakaliya, cikin inuwa. In ƙarfe ya yi zafi ruwa kan bushe nan da nan, a yi ta ƙari, sabulu kuma ya bar tabo.

2. A fara kaɗe ƙura tukuna, domin kada ta zama taɓo.

3. A ajiye bokiti biyu, ɗaya da ruwan sabulu kaɗan, ɗaya da ruwa zalla. A tsoma soso cikin na sabulu, a wanke gefe ɗaya, a ɗauraye soson cikin na biyu kafin a mai da shi cikin na fari. Ta haka yashi yakan kwanta a gindin bokiti na biyu, ba ya komawa jikin mota.

4. A fara daga rufi, a sauko gilasai, sa'an nan ƙofofi, a ƙare da ƙasa. Ruwan da ya gangaro daga sama yana jiƙa na ƙasa, bai tafi a banza ba.

5. A bi kowane gefe da tsumma mai ɗan danshi, sa'an nan busasshe, tun ruwan bai bushe da kansa ba. Ruwan wasu rijiyoyi yana da gishiri-gishiri, in ya bushe yakan bar fararen ɗigo.

6. Abin da ya rage cikin bokiti a wanke tayoyi da shi, da wani soso dabam.

Garin sabulun wanki irin su Omo yana da ƙarfi, yakan cinye man da ke kāre fenti, yana kuma bukatar ɗauraya mai yawa. Gara a nemi sabulun ruwa na mota, a sa kaɗan. In an shafa wa mota man goge fenti sau ɗaya kafin hunturu, sau ɗaya kafin bazara, ƙura ba ta kama ta sosai, kaɗewa kawai kan wadatar. Haka kuma rumfa ko mayafin mota sun fi kowane wanki amfani, amma a kaɗe ƙura kafin a rufa, don kada iska ta riƙa goga mayafin bisa yashi. Rigakafi ya fi magani.

RUWAN DA YA RIGA YA YI AIKI

Ba lalle ne a wanke mota da ruwan sha ba. Ruwan ɗaurayar tufafi na ƙarshe, in an bar shi ya kwanta aka tace da ƙyalle, ya isa wanke tayoyi da ƙasan mota. Ruwan alwala ma ana iya tara shi cikin baho. Sai dai a yi aiki da irin wannan ruwa a ranar, gama in ya kwana yakan yi wari. Ruwan wanke-wanken kwanoni yana da maiƙo, bai dace ba. Da damina kuwa, duro ɗaya a ƙarƙashin indararo yakan tara abin da zai wanke mota makonni, muddin an rufe bakinsa domin sauro.

INDA BA A YIN ROWAR RUWA

Kada tsimi ya kai direba ga ɓata inji. Ruwan lagireto a duba shi kowace safiya kafin a ta da mota, a cika shi da ruwa mai tsabta ko ruwan sanyaya inji da ake sayarwa, ba da ruwan wanki ba. Kada a buɗe murfinsa in inji yana da zafi. Tankin ruwan wanke gilashi shi ma kada a bar shi ya ƙafe. Batir irin wanda ake ƙara wa ruwa ba a zuba masa na rijiya, sai tataccen ruwan batir.

Ƙurar da ta fi cutar mota ita ce wadda inji ke shaƙa. Matatar iska ta inji takan toshe da sauri a hanyoyin yashi, mota ta rasa ƙarfi, ta riƙa shan mai. In ta takarda ce ba a wanke ta da ruwa, sai a cire a kakkaɓe a hankali, in ta yi baƙi a sāke sabuwa. Haƙarƙarin lagireto kuma a sa bakanike ya hure shi da iska. Watsa wa inji ruwa ba shi da amfani, yakan ma jiƙa wayoyi ya hana mota tashi.

WURIN WANKI

Wannan shi ne ya fi shafar Hakimai da Dagatai. Ruwan da ya sauko daga jikin mota yana ɗauke da baƙin mai, da giris, da sabulu. A ƙasa mai yashi irin ta Zango yakan nutse da sauri, in kusa da rijiya ne ya iske ruwan sha. Baƙin mai kaɗan ya isa ya ɓata rijiya guda. Sabo da haka kada a yarda a wanke mota ko babur a bakin rijiya, ko gindin famfo, ko cikin tafkin da dabbobi ke sha. A nisanta kamar mita 30, yadda ake nisanta salga da rijiya. In da hali a yi wankin kusa da itatuwan inuwa, domin ruwan ya amfane su, in dai babu mai a cikinsa.

Samarin da suka riƙi wankin mota da babura sana'a ba a hana su neman abinci ba. Abin da ya kamata shi ne Mai Unguwa ya nuna musu wuri nesa da rijiya, a koya musu aikin bokiti biyu, a kuma hana su ɗibar ruwa a lokacin da mata da yara ke layi. Wanda ke sayen ruwa a jarka, in ya rage abin da yake zubarwa, ribarsa ce ta ƙaru.

AIKIN HAKIMI DA MAGATAKARDA

In ruwa ya yi ƙaranci, mutum ne a gaba, sa'an nan dabba, sa'an nan shuka, mota tana can baya. Malamai sun san addini ya hana almubazzaranci da ruwa ko a wurin alwala, ya kuma kyautu a roƙi limamai su tuna wa jama'a wannan a huɗubar Juma'a da zarar bazara ta gabato.

Magatakarda ya riƙe littafi na rijiyoyi da famfunan gunduma, ya rubuta wanda ke aiki, da wanda ya lalace, da wanda ruwansa ya ja baya, domin Hakimi ya sanar da Ƙaramar Hukuma da Majalisar Sarki tun abu bai yi tsanani ba. In an ga ya wajaba a taƙaita ɗibar ruwa, a yi shawara da Dagatai da Masu Unguwa, a sa sanƙira ya yi shela a kasuwa, a bayyana dalili, a kuma faɗi lokacin da za a sāke dubawa. Umurnin da aka bayyana dalilinsa ya fi saurin karɓuwa.

Amma abin da ya fi shela ƙarfi shi ne abin da talakawa ke gani a ƙofar fada. In aka hana su, sa'an nan suka ga ruwa yana malala daga ƙarƙashin motar Hakimi kowace safiya, ba wanda zai ji maganar sanƙira. In kuwa suka ga direban Hakimi da bokitinsa biyu da tsummansa, mota kuma tana ƙyalli, masu motoci da babura za su bi ba tare da an tilasta musu ba. Don haka gyaran ya fara daga motocin fada da na ofis.

Allah ya kawo damina mai albarka, ya ƙara wa Sarki lafiya, ya zaunar da ƙasa lafiya, amin.