Kafin A Busa Usur: Yadda Aljihu Ke Yanke Makomar Ƙungiyoyin Zari-Ruga A Ingila

Daga tsakiyar watan Oktoba, lokacin da ake buga wasan ƙarshe na gasar Super League a filin Old Trafford da ke Manchester, zuwa tsakiyar watan Fabrairu da ake buɗe sabuwar kaka, akwai wata huɗu da ƙungiyoyin ƙwallon zari-ruga na arewacin Ingila ba su da wani ciniki na kirki a ƙofar fili, alhali kuwa albashi ba ya tsayawa. A cikin waɗannan watanni na hunturu ne 'yan wasa ke komawa sansanin horo, magoya baya kuma su shiga gardamar wa zai ɗauki kofi. Amma ga masu lura da harkokin kasuwanci, littafin akanta ya fi jerin sunayen 'yan wasa faɗin gaskiya game da inda kowace ƙungiya ta dosa. Juma'ar da za ta yi kyau, in ji masu iya magana, tun daga Laraba ake gane ta.

Shi dai wannan wasa, wanda ake kira Rugby League, 'yan wasa 13 ne ke buga shi a kowane ɓangare, saɓanin ɗan'uwansa mai 'yan wasa 15, kuma tun asalinsa maganar kuɗi ce ta haife shi. Ranar 29 ga watan Agusta, 1895, wakilan ƙungiyoyin arewa suka taru a otal ɗin George da ke Huddersfield, inda ƙungiyoyi 22 suka ɓalle daga uwar hukumar zari-ruga ta ƙasar. Dalili kuwa shi ne 'yan wasansu mahaƙa kwal ne da ma'aikatan masaƙu, waɗanda ke rasa ladan yini duk ranar da suka bar aiki don wasa, hukumar kuma ta haramta a biya su diyya. Sule shida a yini aka amince a riƙa ba su. Har wa yau garuruwan da wasan ya fi ƙarfi su ne waɗancan tsofaffin garuruwan masana'antu, irin su Wigan da St Helens da Warrington da Castleford da Hull, inda ba kowane magidanci ne ke iya sayen tikiti mai tsada ba.

Idan dai ba a manta ba, a watan Afrilu na 1995 ne kamfanin attajirin nan Rupert Murdoch ya zo da tayin zunzurutun kuɗi fam miliyan 87 na tsawon shekara biyar, bisa sharaɗin a kafa sabuwar gasa da za a riƙa nunawa a talabijin na Sky, a kuma mai da wasan daga hunturu zuwa bazara. An so a haɗe wasu ƙungiyoyi maƙwabta, kamar Hull da Hull Kingston Rovers, ko Castleford da Wakefield da Featherstone, amma magoya baya suka ce allambaran, aka janye. An buɗe gasar ranar 29 ga watan Maris, 1996, a birnin Paris, inda sabuwar ƙungiyar Paris Saint-Germain ta doke Sheffield Eagles da ci 30 da 24 a gaban 'yan kallo fiye da 17,000. Kaka biyu kacal ƙungiyar ta Paris ta yi ta rushe.

Tun daga wancan lokaci kuɗin talabijin ya zama ƙashin bayan kowane kasafi, shi ya sa raguwarsa ta taɓa kowa. Tsakanin 2017 da 2021 kwangilar Sky tana kawo kimanin fam miliyan 40 a shekara. Wadda ta biyo bayanta ta faɗo zuwa kimanin fam miliyan 25, ta shekara uku da aka fara a 2024 kuma ta ƙara yin ƙasa da haka. A da, kason da kowace ƙungiya ke samu yakan kusa biyan albashin manyan 'yan wasanta. Bayan ragin, kason bai kai fam miliyan ɗaya da rabi ba, don haka tilas a nemo cikon daga tikitin shekara, da tallan da ake maƙalawa a riga, da cinikin abinci da abin sha a ranar wasa, ko kuma daga aljihun mai ƙungiya. Ga kuma rancen da gwamnatin Birtaniya ta bai wa wasan lokacin annobar korona, wanda aka fara da fam miliyan 16 a 2020, kuma rance ne da sai an biya. Wannan ne ya sa ake fara sayar da tikitin shekara tun kafin a share filin tsohuwar kaka, ake kuma buga wasannin sada zumunta washegarin Kirsimeti, kamar wanda Leeds da Wakefield suka saba yi a Headingley, don a ɗan sami abin riƙe hannu.

A ƙa'ida dai, dokar ƙayyade albashi ta daidaita kowa. Tun daga 2020 iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan manyan 'yan wasanta ita ce fam miliyan 2.1 a shekara, haka kuma ta tsaya har kakar 2025. Idan aka raba wannan ga mutum 25, kowa zai tashi da fam 84,000 a shekara, abin da da yawa daga taurarin gasar Firimiya ta ƙwallon ƙafa ke ɗauka a mako guda. To amma dokar tana da tagogi. A 2015 aka amince kowace ƙungiya ta ware fitaccen ɗan wasa guda wanda wani yanki ne kawai na albashinsa za a lissafa, daga baya aka ƙara yawansu, akwai kuma rangwame ga yaran da ƙungiya ta raina da kanta. Mai hannu da shuni, ko mai makarantar horon matasa ta gari, shi ke cin moriyar waɗannan tagogi, yayin da wasu ko iyakar ba sa iya kaiwa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Sakamakon kuwa a fili yake: daga 1996 zuwa 2024, ƙungiyoyi huɗu kaɗai suka taɓa zama zakarun gasar, wato St Helens da Wigan da Leeds da Bradford.

Ko farashin 'yan wasa ma yana nuna ƙarancin kasuwar. A 1992 Wigan ta biya Widnes fam 440,000 don sayen Martin Offiah, ɗan wasan nan mai gudun tsiya wanda aka haifa a Landan, iyayensa kuma 'yan Nijeriya ne. Sai da aka shekara 14 kafin a karya wannan tarihi a Ingila, da ƙarin fam 10,000 kacal, lokacin da Wigan ɗin dai ta sayi Stuart Fielden daga Bradford a 2006 don ta tsira daga faɗuwa. Ta tsira, amma a shekarar da ta biyo baya aka zabge mata maki huɗu saboda ta ƙetare iyakar albashi.

Sauyi mafi girma a 'yan shekarun nan ya zo ne bayan da hukumar wasan ta ƙulla yarjejeniyar shekara 12 da kamfanin IMG a 2022. Kamfanin ya kawo tsarin auna ƙungiyoyi bisa maki 20, wanda a cikinsa rawar da aka taka a fili maki biyar kawai take da shi. Sauran sun rataya ne kan yawan magoya baya da masu kallo a talabijin da intanet, da lafiyar asusu, da ingancin filin wasa, da kuma yawan jama'ar yankin da hidimar da ƙungiya ke yi musu. Wanda ya fara ɗanɗana kuɗar tsarin shi ne London Broncos. A watan Oktoba na 2023 ƙungiyar, wadda yawancin 'yan wasanta ke da wasu sana'o'in, ta je har birnin Toulouse ta ci wasan ƙarshe ta haye babbar gasa. Kwanaki kaɗan bayan haka aka fitar da jerin gwaji na tsarin, sai ga ta a matsayi na 24, alhali gurabe 12 ne. Ke nan tun kafin a fara horon hunturu kowa ya san za ta koma ƙasa a ƙarshen 2024 kome ta yi, kuma babu mai hankalin da zai zuba dukiya kan kakar da an riga an san ƙarshenta. Wasa uku ta ci a shekarar. Hull FC ma uku ta ci, amma ita ta zauna, Wakefield ta maye gurbin Landan.

Babu inda bambancin ya fito ƙarara kamar tsakanin Salford Red Devils da Hull Kingston Rovers. Ranar 1 ga watan Oktoba, 2016, ƙungiyoyin biyu suka kara a wasan da aka laƙaba wa suna wasan fam miliyan ɗaya, wanda duk wanda aka ci zai faɗa ƙaramar gasa. Salford ta yi nasara da ci 19 da 18 a ƙarin lokaci, Rovers ta faɗi. Wanda ya ga wasan a ranar zai rantse cewa Salford ce ke da gobe.

A fili kam ta yi abin a zo a gani. Ta kai wasan ƙarshe na gasar a 2019, ta kai na kofin ƙalubale a 2020, ta kuma ƙare a matsayi na huɗu a 2024. Sai dai tun da ta bar tsohon filinta na Willows ta koma sabon fili a 2012, zaman haya take yi, ba ta da cikakken iko da cinikin da ake yi a cikinsa, 'yan kallonta ba su da yawa, a shekarun baya-bayan nan kuma ba ta da attajirin da zai toshe giɓi. Hanyar da ta rage mata ita ce sayar da gwanayenta, kamar yadda ta sayar wa Leeds da Brodie Croft da Andy Ackers a ƙarshen 2023. A hunturun da ya gabaci kakar 2025 sai da aka ba ta fam 500,000 daga kasonta tun lokaci bai yi ba, hukumar kuma ta ɗora mata iyakar albashi ta musamman ta fam miliyan 1.2. A wasan farko, ranar 15 ga watan Fabrairu, yara 'yan ajiya ta fitar, St Helens ta lallasa su da ci 82 da nema, ratar da ba a taɓa gani ba a tarihin gasar. Sababbin masu ƙungiyar da suka karɓe ta a wannan watan ba su kawo sauƙin da aka sa rai ba. Albashi ya riƙa makara, 'yan wasa suka watse ɗaya bayan ɗaya, a watan Agusta ma ta kasa fitowa wasanta da Wakefield. Ranar 3 ga watan Disamba, 2025, babbar kotu ta ba da umarnin rushe kamfanin ƙungiyar bisa ƙarar hukumar tara haraji, shekara 152 bayan kafa ta.

Ita kuwa Rovers kaka ɗaya ta yi a ƙasa ta dawo. Mai ita, lauya Neil Hudgell, ya ci gaba da ɗaukar nauyi, a 2022 kuma ƙungiyar ta sayi filinta na Craven Park daga hannun majalisar birnin Hull, wanda ya ba ta damar cin ribar duk abin da aka sayar a harabar, har da bukukuwan mawaƙa a ranakun da babu wasa. Ta ɗauko mai horarwa Willie Peters daga Ostireliya, ta sha kashi a wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a 2023, ta sake shan wani a wasan ƙarshe na gasar a 2024 a hannun Wigan, wadda ta kwashe kofuna huɗu a shekarar. A 2025 Rovers ta doke Warrington da ci 8 da 6 a Wembley, babban kofinta na farko cikin shekara 40, ta ƙare a saman teburi, sannan ta rama wa kura aniyarta a Old Trafford da ci 24 da 6. Ita ce sabuwar zakara ta farko tun bayan Leeds a 2004.

Gurbin Salford a kakar 2026 Bradford Bulls aka bai wa, ƙungiyar da ita ma ta san ɗacin bashi: ta zama zakara sau huɗu tsakanin 1997 da 2005, bashi ya kai ta hannun masu kula da karyayyun kamfanoni har sau uku, aka rushe ta a watan Janairu na 2017 kafin a sake kafa ta. Haka zalika aka ƙara yawan ƙungiyoyin gasar daga 12 zuwa 14, inda wani kwamiti ya zaɓi York Knights da Toulouse Olympique ta Faransa. Masu goyon bayan ƙarin sun kafa hujja da cewa zai kawar da maimaita wasanni tsakanin ƙungiyoyi iri ɗaya, abin da ya gundura 'yan kallo. Masu suka kuwa tambayarsu ita ce ina za a samo ƙwararrun 'yan wasan da za su cika ƙarin ƙungiyoyi biyu, ganin cewa gasar NRL ta Ostireliya, mai iyakar albashi fiye da dalar ƙasar miliyan 11, tana janye gwanayen Ingila, ita ma tana shirin ƙarin ƙungiya a Perth a 2027 da kuma Papua New Guinea a 2028. Tambayar tana da nauyi, musamman ga wanda ya tuna Toronto Wolfpack ta Kanada, wadda ta hau babbar gasa a 2020 da alkawura masu daɗi, ta janye a watan Yuli na shekarar ta bar 'yan wasa suna bin ta albashi.

An kuwa yi wannan ƙarin ne ba tare da kuɗin talabijin ya ƙaru ba, domin kwangilar Sky an tsara ta ne ta ƙare da ƙarshen kakar 2026. Saboda haka duk shugaban ƙungiyar da ya sa hannu kan yarjejeniyar shekara uku da wani ɗan wasa a hunturun 2025, ya ɗaukar wa ƙungiyarsa albashin 2027 da na 2028 ne tun bai san nawa talabijin zai biya a waɗannan shekaru ba.