Harsashin dalma a bututun Glock: Haɗarin da ke taruwa sannu a hankali

A Abuja ba abin mamaki ba ne a ga jami'in tsaro da ƙaramar bindiga a ƙugu. Abin da ido ba ya gani shi ne cikin bututunta, kuma a nan wata tsohuwar muhawara ta masana makamai take: shin harsashin dalma zalla, wanda ba a lulluɓe shi da jan ƙarfe ba, ya dace da kowane irin bututu?

A yawancin bindigogi akan yi wa cikin bututu tsagi masu kaifi da ke murɗawa, domin su kama harsashi su juya shi ya tafi saiti. Amma kamfanin Glock na ƙasar Ostiriya da Heckler & Koch na Jamus sun shahara da wani salo dabam. Maimakon tsagi, cikin bututun yana da kusurwoyi masu santsi, shida a Glock mai harsashin milimita 9. Dabarar ba sabuwa ba ce, domin Joseph Whitworth na Ingila ya ƙera bindiga mai kusurwa shida tun a shekarun 1850. Amfaninta shi ne tana rungumar harsashi gam, ta hana iskar albarushi sulalewa, kuma tana da sauƙin gogewa.

Wannan rungumar ce ke zama matsala idan dalma ta shigo. Dalma ƙarfe ce mai laushi, kowane harbi yana iya barin ɗan shafinta a jikin bututu. Harbi ɗaya ko goma ba lallai su nuna komai ba. Amma idan shafin ya yi kauri, hanya takan ƙuntace, matsin iska ya hau, har kwanson harsashi ya iya fashewa a hannun mai harbi. Shi ya sa Glock ke gargaɗin masu amfani da bindigoginsa da su guji irin wannan harsashi.

Akwai masu ja da hakan, musamman a Amurka. Suna cewa dalmar da aka taurara da kuza da antimoni ba ta barin shafi mai yawa, muddin ana goge bututu a kai a kai. Wasunsu kuma sukan sauya bututun da mai tsagi. Sai dai ko su ɗin sun yarda cewa sakaci a nan yana da tsada.

A Najeriya, Dokar Makamai ta 1959 ta sanya ƙaramar bindiga cikin makaman da ba a riƙe su sai da lasisin shugaban ƙasa. Saboda haka batun ya fi shafar hukumomin tsaro, da masu sayo musu harsasai, da masu kula da rumbunan makamai. Arhar harsashi ba hujja ba ce idan bai dace da bindigar ba.

Dalma tana da wani sharrin kuma. Ƙurarta na taruwa a rufaffen filin koyon harbi, masu atisaye su shaƙa. Ƙasar da ta rasa ɗaruruwan yara sakamakon gubar dalma a Zamfara a 2010 ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani kan wannan.