Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Tsarin Ba da Umarni a Rundunar Sojin Ruwa

Jirgin yaƙi in ya bar gaɓa ya zama gari mai tafiya, da makamansa da injinansa da madafarsa. Idan gobara ta tashi a ɗakin inji da tsakar dare, babu lokacin zaman shawara. Shi ya sa sojin ruwa suka gina tsarinsu a kan abu guda: kowa ya san mai ba shi umarni, kowa ya san wanda za a tuhuma in abu ya ɓaci. Rundunar sojin ruwan Najeriya, wadda aka kafa a 1956, daga Ingila ta gaji wannan tsari.

Daga ina umarni ke fitowa?

Sashe na 218 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa Shugaban Ƙasa, a matsayinsa na Babban Kwamandan Askarawa, ikon yanke shawarar inda za a tura sojoji, da naɗa manyan hafsoshi. Ministan Tsaro na kula da manufofi da kasafi. Babban Hafsan Tsaro yana haɗa kan sojin ƙasa da na ruwa da na sama. Shi kuwa Babban Hafsan Sojin Ruwa, mai muƙamin Bayis Admiral, yana jan ragamar rundunarsa daga Abuja. Murtala Nyako da Awwal Zubairu Gambo na cikin waɗanda suka riƙe wannan kujera.

Yadda aka raba teku

Gaɓar tekun Najeriya ta kai kimanin kilomita 850, ga kuma ɗaruruwan rafuka a yankin Neja Delta. Ofis ɗaya ba zai iya sa ido a kansu ba, don haka aka raba aikin shiyya uku: ta Yamma a Apapa da ke Legas, ta Gabas a Kalaba, ta Tsakiya a Yenagoa. Kowace shiyya Riya Admiral ne ke riƙe da ita, kuma a ƙarƙashinsa jiragen yaƙi da sansanoni suke. Akwai kuma rassan horaswa da na samar da kayan aiki. Har a cikin ƙasa rundunar na da sansani a Lokoja, da kuma Baga a bakin Tafkin Chadi.

A cikin jirgi

Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Kwamandan jirgi shi ne wuƙa shi ne nama, ko da muƙaminsa ƙarami ne. Idan jirgin ya yi karo ko ya maƙale a yashi, shi za a fara tambaya, ko da barci yake lokacin. Mataimakinsa ke kula da ladabtarwa da harkokin yau da kullum, shi ne kuma magajinsa in ta-Allah ta kasance. Daga nan sai shugabannin sassa: inji, makamai, tuƙi, da kayan masarufi. Hafsan da ke kan gadi a ɗakin tuƙi da yawun kwamanda yake magana, ko da akwai wanda ya girme shi a wurin. Iko yana bin aikin da aka ɗora wa mutum, ba yawan igiyarsa kaɗai ba.

Sunayen muƙamai na ruɗarwa

Kyaftin na ruwa daidai yake da Kanar na ƙasa. Laftanar na ruwa shi ne takwaran Kyaftin na ƙasa. Kwamado kuwa sa'an Birgediya Janar ne, Riya Admiral sa'an Manjo Janar.

Mai shiryawa daban, mai turawa daban

Wanda ke horar da soja, ya biya shi, ya gyara masa jirgi, ba lallai ne shi zai ja shi fagen fama ba. A Amurka, dokar Goldwater-Nichols ta 1986 ta fayyace cewa umarnin yaƙi daga Shugaban Ƙasa yake sauka zuwa Sakataren Tsaro, sannan kwamandojin yankuna. A can, babban hafsan sojin ruwa nasa shi ne shiri da ba da shawara. A Najeriya ma, rundunar haɗin gwiwa ta Delta Safe, da aka kafa a 2016 don kare bututun mai, a ƙarƙashin Hedikwatar Tsaro take.

Sanin wannan tsari ya shafi kowane ɗan ƙasa. Duk ranar da aka sace ɗanyen mai ko jirgi ya nutse, alhakin yana wuyan wani mutum mai suna da kujera, kuma shi ya kamata a tambaya.